Maigidana Ɗan Maraɗi Ne, An Ce Mu Sayi Takardar Asali

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Ni 'yar Kano ce uwa da uba. Shekararmu 11 da aure da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu, duk a nan Kano aka haife su. Shi mutumin Maraɗi ne, yana harkar wake da riɗi a Dawanau, bana shekararsa 13 a garin nan. Tun da aka rufe boda bayan juyin mulkin Nijar, daga baya kuma aka ce sun fita daga ECOWAS, hankalina bai sake kwanciya ba. Matar yayana 'yar Damagaram ce, an gaya mata tana iya cike takarda ta zama 'yar Najeriya saboda aure. Na aiki ƙanena ya tambayo wa maigidana irin wannan, aka ce masa namiji ba ya ciki. Yanzu wani a kasuwa ya ce a kawo kuɗi zai fitar masa da takardar asali ta ƙaramar hukuma, a rubuta a Jibiya aka haife shi, tunda dama kakarsa ta wajen uba daga can aka kai ta aure, har gobe muna zuwa biki wurin danginta. Ya ce daga nan sai fasfo. Maigida yana ta jan ƙafa, ni ce nake matsa masa, har mun fara samun saɓani. Babban tsorona yaran nan, don na farin zai shiga sakandare, an ce sai ya kawo takardar asali. Anti, yaran nan 'yan wace ƙasa ne? In kuma ba mu bi ta hannun mutumin nan ba, wace hanya ta rage mana?

Ƙanwarki daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki sassauta wa bawan Allahn nan. Jan ƙafar da yake yi ba ragwanci ba ne. Mutumin da ya shekara 13 a Dawanau ya san buhun da aka zuba wa wake mai kyau a baki, ƙasansa kuwa tsakuwa ce, kuma irin wannan buhun ake son sayar muku. Daren yau ki ce masa kin janye maganar mutumin kasuwa, a ci tuwo lafiya, sauran amsar nan ku karanta tare.

Bari in fara zare miki ƙayar da ta fi sukarki. 'Ya'yanki 'yan Najeriya ne tun ranar da suka faɗo duniya. Ba alfarma aka yi musu ba, ba kuma sai an cike wata takarda kafin su zama ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 25, ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan ranar samun 'yanci, wato 1 ga Oktoba 1960, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ki lura, bai ce uba ba. Ɗaya daga cikin iyaye ya ce. Ko da a ce goyon ciki ya kai ki Maraɗi kin haihu a can, sashen bai bar ki ba, don ya ce wanda aka haifa a waje ma ɗan ƙasa ne in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Manya suna tuna abin da ya sami Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a 1980. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP. Gwamnatin tarayya ta lokacin ta sa aka ɗauke shi aka tsallaka da shi Chadi, wai mahaifinsa ba ɗan ƙasar nan ba ne. Aka je kotu a Maiduguri, alƙali ya ce korar haramun ce, kuma cikin abin da ya tsaya masa har da cewa mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce. Yau fiye da shekara 40 ke nan da hukuncin, amma har yanzu ana samun mai zama a bayan tebur ya ce ɗa na uba ne kaɗai.

A nan ne za ki iya gamuwa da ciwon kai, ba zan ɓoye miki ba. Takardar asali ba ita ce shaidar zama ɗan ƙasa ba a doka, amma ita makaranta da wurin ɗaukar aiki da ofishin fasfo suka saba tambaya, kuma al'adar ƙananan hukumomi ita ce su bi garin uba. Na taɓa raka wata ɗiyar maƙwabtanmu wani ofishi kan irin wannan. Ma'aikacin ya karɓi fom ɗin, ya sa biro a kan layin garin mahaifi, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, ai wannan ba namu ba ne," ya turo mana takardar ba tare da ya karanta layin da ke ƙasa ba, inda aka rubuta sunan unguwar da kakan yarinyar na wajen uwa ya yi limanci. Sai da kawunta ya zo da wasiƙar mai unguwa aka saurare mu. Saboda haka kada ki tafi ke kaɗai da yaro a hannu. Ki sa mahaifinki ko yayanki a gaba, a fara daga mai unguwarku, a bi ta dagaci da hakimi in haka tsarin wurinku yake, a riƙe takardar asalinki ke kanki da takardar haihuwar yaron ta Hukumar Ƙidaya. In an yi gardama, sashe na 318 na kundin ya fassara wanda ake ƙirgawa ɗan wata jiha da cewa shi ne wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga al'ummar da take 'yar asalin jihar. Sashe na 42 kuma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai. Ki rubuta lambobin nan biyu a takarda ki ba yayanki. A fom ɗin a rubuta gaskiya: uba ɗan Nijar, uwa 'yar Kano.

To, maigida. Abin da aka gaya wa ƙanenki gaskiya ne, komai ɗacinsa. Sashe na 26 shi ne na zama ɗan ƙasa ta rajista, kuma mutum iri biyu kacal ya ambata. Na farko, mace da take aure ko ta taɓa aure da ɗan Najeriya. Mace aka rubuta ɓaro-ɓaro. Shi ya sa matar yayanki take da ƙofa, mijinki ba shi da irinta, alhali a tukunya ɗaya 'ya'yanku suke cin abinci ranar Sallah. Ni dai a ganina wannan rashin adalci ne, kuma ba ni kaɗai nake ganin haka ba. Ranar 1 ga Maris 2022, lokacin da majalisar tarayya take kaɗa ƙuri'a kan gyaran kundin, an kawo ƙudurin da zai ba mijin 'yar Najeriya wannan dama, aka kayar da shi tare da wasu ƙudurori huɗu da suka shafi mata. Mata suka yi kwanaki suna tare ƙofar majalisa a Abuja, har majalisar wakilai ta ce ta janye matsayinta a kan uku daga ciki ranar 8 ga watan, ciki har da wannan. Amma da aka sa hannu kan gyare-gyaren a Maris 2023, babu shi. Abin da zai ƙara ba ki haushi, ita Nijar ɗin tun 2014 ta gyara dokarta: macen Nijar tana iya ba mijinta baƙo ƙasa kamar yadda namiji yake ba matarsa, kuma ta halatta riƙe ƙasa biyu. Wato da ke ce 'yar Maraɗi shi ɗan Kano, kuna zaune a can, da magana ta fi haka sauƙi. Sai dai haushi ba ya fitar da takarda, mu bar shi nan.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyun ne na tsaya cak a kan layin da kika wuce da gudu, inda kika ce kakarsa 'yar Jibiya ce. Ƙanwata, kin san abin da kike riƙe da shi kuwa? Mutum na biyu da sashe na 26 ya ambata shi ne baligi mai hankali da aka haifa a wajen Najeriya, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Kakanni huɗu kowa yake da su, ɗaya ake nema, kuma ba a ce sai namiji ba. Mijinki an haife shi a Maraɗi, wajen Najeriya ke nan. Uwar mahaifinsa 'yar Jibiya ce. Ga ƙofa a buɗe, da sunansa na gaskiya da garin haihuwarsa na gaskiya. Abin da mutumin kasuwa yake so ya gina ƙarya a kansa, shi ne ainihin gaskiyar da doka take tambaya. Ƙanenki bai ji wannan ba ne saboda tambayar da ya yi ta aure ce, aka ba shi amsar aure.

Ba abin mamaki ba ne a samu haka a gidajenmu. Ita Maraɗin ai sarakunan Katsina na dauri ne suka kafa ta bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu, shi ya sa har yau ake ce wa mai sarautarta Sarkin Katsinan Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo daga baya suka ja layi a tsakani, amma kai amarya daga Jibiya zuwa Ɗan Isa ko Madarumfa bai taɓa jiran izinin kowa ba. Da za a tsaya a bincika kakannin 'yan Nijar da ke kasuwannin Kano, da an sha mamakin yawan waɗanda wannan sashe ya shafa ba su sani ba.

Ba ki faɗa mini ko tsohuwar tana raye ba. In ta rasu, maganar ba ta mutu da ita ba. Kundin ya yi tanadi a sashe na 31 har ga kakan da bai ma ga ranar 'yanci ba: ana ɗaukarsa ɗan ƙasa in dai da zai kasance haka da yana raye a ranar. Akwai kuma wata tambaya da nake so ku kai wa lauya, ba ni zan yanke ta ba. In kakar 'yar Najeriya ce, to ɗanta, wato surukinki, wanda aka haifa a waje ne daga uwa 'yar ƙasa, kuma kin ga abin da sashe na 25 ya ce a kan irinsa. In lauya ya ga wannan sarƙar ta riƙe, abin da mijinki zai nema shi ne a tabbatar masa da abin da dama yake da shi ta haihuwa, wanda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida take da fom ɗinsa daban, kuma ya fi na rajista ƙarfi. Lauyan zai tambayi shekarar da aka haifi surukin naki, da ko tsohuwar ta taɓa sa hannu a wata takarda ta barin ƙasarta, don dokokin da suka gabaci na 1999 sun fi tsauri kan riƙe ƙasa biyu. Kuɗin da za ku ba mutumin kasuwa, kaɗan daga cikinsa ya ishe ku zama ɗaya da lauyan da ya san harkar.

Aikin gaske yana wurin hujja, kuma a nan mutanenmu suke faɗuwa, don mu shaidarmu a baki take. Abin da ake so igiya ce marar tsinkewa daga tsohuwar zuwa mijinki. Sai an nuna ita 'yar Jibiya ce: wasiƙar mai unguwa ko dagacin inda aka haife ta, shaidar ƙaramar hukuma a kan gidansu, rantsuwar dattawan danginta a kotu, ƙannenta in akwai masu rai, ko 'ya'yan 'yan uwanta da takardunsu na asali. Sai an nuna ita ta haifi surukinki: takardar haihuwarsa ta Nijar mai ɗauke da sunan uwa, in babu kuma, kotu a can tana ba da hukuncin da ke tsayawa a madadinta. Sannan takardar haihuwar mijinki mai sunan mahaifinsa. Ki sa ido sosai a kan rubutun sunaye, don nan ne aiki yake maƙalewa. Takardar Nijar da rubutun Faransanci take, za ki ga Ousmane inda mu muke rubuta Usman, Oumarou a madadin Umaru, Mahamadou a madadin Muhammadu. Tsohuwar kuma wataƙila a Jibiya da laƙabi aka san ta, a Maraɗi aka rubuta sunan yanka. Tsofaffin takardun can sau da yawa ba sa kawo rana da wata, sai dai a ce an haife shi wajen shekara kaza. Duk inda suna ya bambanta, a yi rantsuwar kotu da ke cewa mutum ɗaya ne, kuma a fassara takardun Faransanci a wurin da hukuma ta yarda da fassararsa. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a nan Kano, ya fara tambaya a can kafin ya hau mota.

In takardu sun haɗu, ba ƙaramar hukuma ke ba da zama ɗan ƙasa ba, ba ofishin fasfo ba, ba kuma wani mai jaka a gindin bishiya ba. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya ce take karɓar buƙata, ta shafinta na intanet, kuma a nan za ku ga jerin abin da ake nema da kuɗin da ake biya a lokacin, a biya ta hanyar gwamnati a karɓi rasit. Jami'an tsaro na farin kaya suna bincike, kwamitin ba da shawara ya duba, daga ƙarshe sai shugaban ƙasa ya gamsu da abu uku da sashen ya gindaya: mutum mai halin kirki ne, ya nuna a fili a nan yake nufin ya zauna, kuma ya yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ba aikin mako ba ne, ba na wata ba. Rukuni-rukuni ake bayarwa, ana iya shekara ba a yi ba. A 2022 mutum 286 aka ba takardar a duk faɗin ƙasar nan, 78 ne kawai daga cikinsu ta rajista. Na faɗa miki wannan ne don ki ɗaura ɗamarar haƙuri tun yanzu, kada wata shida ya wuce ki ce Anti ta yaudare ku.

Yanzu ki dubi abin da takardar mutumin kasuwa za ta yi wa wannan hanya. Za ta ce a Jibiya aka haifi mijinki. Sashen da zai amfane shi kuwa na wanda aka haifa a waje ne. Ranar da ya ɗora yatsunsa a na'ura da sunan haifaffen Jibiya, ya rufe wa kansa ƙofar gaskiya da hannunsa, don ba zai dawo gobe ya ce wa gwamnati ɗaya a Maraɗi aka haife shi ba, sai ya fara amsa tambayar wane ne ya yi ƙaryar farko. Sharaɗin halin kirki ya tafi ke nan. Yin ƙarya don a sami fasfo laifi ne a Dokar Shige da Fice ta 2015, mai kai mutum gidan yari, baƙo kuma bayan nan ana iya tasa ƙeyarsa. Abin da kike tsoro, a raba ku, ta wannan hanyar ya fi kusa. Ga kuma wanda ba a rubuta a doka ba: duk Dawanau an san shi ɗan Maraɗi ne, ana ma kiransa da haka in na san 'yan kasuwa. Ranar da aka saɓa kan kuɗin mota ɗaya ta riɗi, abokin hamayya ba ya buƙatar lauya, waya ɗaya ta ishe shi. Shi kuma wanda ya sayar da takardar ya riƙe muku wuya har abada, duk sanda aljihunsa ya bushe zai tuna da ku.

Haka nan katin zaɓe. In wani ɗan siyasa ya taɓa lallaɓarsa ya yi, ko ana shirin lallaɓarsa, ya nisanta. Na 'yan ƙasa ne kaɗai, kuma duk kakar zaɓe sai kin ji jami'an shige da fice sun sanar da ƙwace irinsa a hannun baƙi. Lambar NIN daban ce, baƙon da yake zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi, amma ya tabbata an rubuta shi ɗan Nijar. Mutane suna ce mata katin ɗan ƙasa, sai su ɗauka duk mai ita ya zama ɗan ƙasa. Ba haka ba ne.

Kafin duk wannan ya nuna, zamansa na yau ya kamata ya zama a kan takarda. Tsoronki ba na banza ba ne. Iyayenmu sun ga korar baƙi ta 1983, ku kuma kun ga yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, amma a ranar ƙungiyar ta ce ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna su yi sana'a ba biza, har sai an sanar da wani sabon abu. Ki riƙe kalmar nan ta ƙarshe, don alfarmar da aka ce har sai an sanar, ba a gina gida a kanta. Dama can yarjejeniyar ta ba da kwana 90 ne ba biza, wanda zai zarce sai ya yanki katin zama a Hukumar Shige da Fice. Da yawa ba sa yi, saboda harshe ɗaya, kama ɗaya, babu mai tambaya. Ki tambaye shi yau: yana da katin zama? Yana sabunta shi? In babu, wannan ne aikin wannan makon.

Akwai kuma abin da doka ta ba ki ke a matsayin matarsa, ko da ta hana ki babban. Sashe na 32 ya ba shugaban ƙasa ikon ba mijin 'yar ƙasa ko matar ɗan ƙasa matsayin baƙo na musamman, mai cikakken izinin zama. A takardun ma'aikatar SIS suke taƙaita shi, kuma a aikace baƙin da suka auri matan Najeriya ne suka fi nemansa. Ba ya ba da fasfo, ba ya ba da ƙuri'a, amma yana ɗaure zamansa da aurenku, ba da abin da shugabanni suka tattauna a taro ba. Za a nemi takardar aure. Na san irin aurenmu, an ɗaura a ƙofar gida bayan Juma'a, an raba goro da alawa, shaidu ɗari, takarda babu. Ku je kotun shari'a da waliyyinki da shaidu biyu a rubuta muku. Ko ba don wannan ba, mace mai 'ya'ya huɗu da miji ɗan wata ƙasa bai kamata ta kwana ba ta da ita ba.

In kuwa hujjar kakar ta gagara, saura ƙofar daɗewar zama ta sashe na 27: shekara 15 a ƙasar, da shaidar gwamnan jihar cewa mutanen wurin sun karɓe shi ya kuma saje da su, da nuna yana da amfanin da zai yi wa ƙasa. Shi saura masa biyu a lissafinku. A lissafin hukuma kuwa, shekarar da aka iya nunawa ita ce shekara. Rasit ɗin haya, na haraji, katin ƙungiyar 'yan kasuwa, takardun banki, takardun haihuwar yara, duk ki tattara su a leda ɗaya ki sa a ƙasan akwati inda gara ba ta kai ba. Wannan hanyar ta fi tsawo da tsada, shi ya sa na fi son ku fara da Jibiya.

Wataƙila abin da yake sa shi shiru har da tsoron a ce ya bar ƙasar ubansa. Ki kwantar masa da hankali. Sashe na 28 ya ce wanda aka yi wa rajista zai ajiye wata ƙasar ne in ba ta haihuwa ya same ta ba. Shi Nijar tasa ce ta haihuwa, ba a nemi ya ajiye ta ba, ita ma Nijar ba ta hana ba. Yaranku ma haka, suna iya riƙe biyun. Abin da ba zai samu ba ta rajista kaɗan ne: ba zai yi shugaban ƙasa ko gwamna ba, waɗannan na ɗan ƙasa ta haihuwa ne, kuma sashe na 307 ya hana shi riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi sai bayan shekara 10. In yana da burin kansila, sai ya jira furfura.

Matar yayanki kuma, ki gaya mata kada ta yi sanya. Tata ce mafi sauƙi, musamman yanzu da mijinta yake raye zai rubuta wasiƙar goyon baya ya kawo takardar asalinsa. Gaskiya ne sashe na 26 ya haɗa da wadda ta taɓa aure, wato bazawara da wadda mijinta ya rasu duk suna ciki. Amma na ga wata baiwar Allah a unguwarmu, ita ma daga tsallaken iyaka aka kawo ta, shekara 20 da wani abu a ɗakinta. Da mijin ya rasu aka fara maganar gida, sai ga dangin miji suna ce mata baƙuwa, kuma takardun da za ta nemi haƙƙinta da su, a hannun masu ce mata baƙuwar suke.

Kin ce kuna zuwa biki Jibiya. Wannan karon kada ku jira biki. Ku sayi goro da turmin atamfa ku je takanas wurin wanda ya fi kowa tsufa a dangin kakar, maigida ya zauna a gabansa da waya tana naɗar murya, bayan ya nemi izininsa. A tambaye shi sunanta na yanka da na mahaifinta, unguwar da aka haife ta, wane ne mai gari a lokacin, wace shekara aka kai ta, ko ana yunwa ko ana damina mai kyau, wa ya raka ta, su wa suka rage da suka san ta da idonsu. Tsofaffin nan ba jiranmu suke yi ba, ku tafi kafin azumi. In kun dawo ki rubuto mini abin da ya ce, da abin da lauya ya ce a kan surukinki.